Tsadar taya a Damagaram: daga ina take, kuma wacce ce mai araha ta gaskiya

Duk mai mota a Damagaram ya san zancen nan, ko ɗan taksi ne cikin gari, ko direban Hiyas mai lodin Magarya da Matamai, ko ma'aikacin da ya lallaɓa ya sayi 'yar Korola don kai yara lakwal, kowa ka taɓa shi da maganar taya sai ya yi ajiyar zuciya kafin ya amsa maka. Esansi dai an rage mana kuɗinsa a 2024, lita ta dawo sefa 499, mutane suka ji daɗi, amma taya ba wanda ya iya taɓa ta, kuma dalilin a fili yake, esansi muna da matatar SORAZ nan kan hanyar Tanut tun 2011 shi ya sa gwamnati ke da bakin magana a kan farashinsa, ita kuwa taya ko guda ɗaya ba a ƙerawa a Nijar, duk wadda ka gani a ƙarƙashin mota daga waje ta zo, mafi yawa ta teku, alhali mu ko bakin teku ba mu da shi.

Da yawa in sun ji farashi sai su ɗora wa mai shago laifin duka, wai 'yan kasuwa ba su da tausayi. Akwai masu tsawwalawa, ban musa ba, amma in ka bi tayar nan tun daga inda aka haife ta zaka ga kafin ta iso hannun Alhajin da ke sayar maka ta riga ta sha kuɗi a wurare da yawa da shi kansa bai taɓa zuwa ba.

Mu fara da abin da ake yin ta da shi. Taya ba roba zalla ba ce kamar yadda ake zato, akwai ɗanyen roba na itace, akwai robar da ake haɗawa daga man fetur, akwai wani baƙin gari mai kama da kunkunniya shi ma daga mai ake samunsa wanda shi ke ba taya baƙinta da ƙarfinta, sannan ga wayar ƙarfe da zare a ciki. Ɗanyen robar nan ƙasashe kaɗan ne ke riƙe da shi, Tailan ce kan gaba, sai Indunisiya da Biyetnam, a Afirka kuma Kodebuwa ce babba har ta shiga sahun manyan duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na duk robar itacen da ake tatsa a duniya a taya yake ƙarewa. Matsalar itacen shi ne ba ya sauri, in ka dasa yau sai ka jira shekara shida zuwa bakwai kafin ka fara tsaga shi ka tari ruwansa, to kaga in buƙata ta ƙaru bana ba yadda za a yi manomi ya ƙara yawansa baɗi. A 2024 ruwan sama da ambaliya suka hana tatsa a Tailan, farashin ɗanyen roba ya yi tashin da aka daɗe ba a gani ba. Shi kuma baƙin garin nan, Rasha na cikin manyan masu sayar wa Turai shi, da aka fara yaƙin Yukren a Fabrairun 2022 sai kamfanonin Turai suka bazama neman wani wuri, farashin mai ya hau, wutar masana'anta ta hau, manyan kamfanoni irin su Michelin da Continental suka yi ta ƙarin kuɗi, kuma in babba ya ƙara ƙarami ma bin sa yake.

Abin da ke min ciwo a nan shi ne a da muna da masana'anta kusa da mu. Michelin na da kamfani a Fatakwal, Dunlop na da nasa a Legas, taya na fitowa daga can ta hau mota zuwa Kano, daga Kano zuwa nan kuwa tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba ce ta Daura da Ɗan Barto. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a 2008, rashin wutar lantarki da kwararar taya mai araha daga waje suka kashe su. Tun daga lokacin Kano ma saye take daga teku kamar kowa. Kodebuwa na tatsar roba a loda shi ɗanye a jirgi ya tafi Asiya ko Turai, a mayar da shi taya, a sake lodo shi a jirgi a dawo a sayar mana, kuɗin jirgin zuwa da na dawowa duk a kanmu.

Shi jirgin ruwan ma nasa labarin daban. Taya kaya ce mai cin wuri, tsakiyarta fanko, kwantena na cika tun nauyi bai kai ko'ina ba, saboda haka duk ƙarin da aka yi wa kuɗin kwantena yana bayyana a kan kowace guda sosai fiye da yadda zai bayyana a kan buhun sukari ko kwalin salula. Kafin korona kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin duniya ba ta kai dalar Amurka 2,000 ba, a Satumbar 2021 ta wuce 10,000. Ta sauko daga baya, sai kuma ga rikicin Bahar Maliya daga ƙarshen 2023, jirage suka koma zagaye ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙara tsawo, jirage suka yi ƙaranci, kuɗin ɗauka ya sake hawa har ga masu zuwa Lome da Kwatano. Kuma duk wannan da dalar Amurka ake biya. Sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ba ta motsi, wannan ya kare mu daga irin abin da ya samu naira, amma in yuro ta yi rauni gaban dalar Amurka mu ma mun yi, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da dalar Amurka ta wuce yuro.

To sai namu na gida, wanda shi ne ya fi kowanne nauyi a kan Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, wato hanyoyi biyun da kayanmu ke bi duk a lokaci guda. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya da Malanbil Nijar ta bar ta a rufe. A da kaya in sun sauka Kwatano su hau kamyo su ƙetara Gaya su iso Doso, daga Doso su karya gabas kan babbar hanya ta Konni da Maraɗi su iso mana ba sai sun shiga Yamai ba. Da hanyar ta toshe sai aka koma Lome, a ratsa Togo, a shiga Burkina, a bi ta Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar sojoji saboda matsalar tsaro, kamyo na iya yin makwanni yana jiran ayari ya tashi, direba na ci yaron mota na ci mai kaya na biyan kuɗin jira, in sun iso Yamai kuma saura kusan kilomita 900 kafin Damagaram. Mu ne a can ƙarshen layi. Ɗora kuɗin duwan a kai, ɗora harajin saye da sayarwa na TVA kashi 19 cikin ɗari, a 2025 kuma ƙasashen ƙawancen AES, wato Nijar da Mali da Burkina, suka sa harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shigowa daga waje, shi wannan ƙarami ne amma yana cikin lissafi, sai kuma ɗan abin da ake ajiyewa a shingaye wanda kowane direba ya san da shi.

Wani zai ce to ai naira ta faɗi, me ya sa ba za mu kwaso a Kano da araha ba? Gaskiya ne naira ta faɗi, kafin Yunin 2023 a farashin gwamnati dalar Amurka na wajen naira 460, a farkon 2024 ta wuce 1,500, kuma mai sefa ya ji daɗin sayen abin da ake nomawa ko ake ƙerawa a Najeriya. Amma taya ba ta cikinsu, shi ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa da dalar Amurka aka shigo da kayansa, dala na hawa yana ƙara naira, sai ka canza sefarka ka samu naira himili guda ka je ka tarar farashin ma ya zama himili. Inda ake samun sauƙi na gaske shi ne tsohon kaya da ya kwana a sito tun kafin faɗuwar, shi kuma tsohon kaya a harkar taya akwai magana a kansa, zan zo wurin.

Duk abin da na lissafa zuwa nan babu wanda ke hannun ɗan taksin Sabon Gari, ba shi zai sauke farashin roba a Tailan ba, ba shi zai buɗe gada ba. Abin da ke hannunsa guda ne, ya daina auna taya da kuɗin da ya miƙa ranar saye, ya auna ta da nisan da zata kai shi, kuma wallahi a nan ne mafi yawanmu ke asarar da ta fi ƙarin farashin kansa.

Bari mu ɗauki okaziyo, taya ta hannu da ake shigowa da ita daga Turai, tunda ita ce mafitar talaka yanzu. Sabuwar tayar ƙaramar mota zanenta na da zurfin wajen milimita 8. A Turai doka ta ce in ya sauka zuwa 1.6 ta gama aiki, kuma in ka leƙa cikin ramin zanen zaka ga wasu 'yan tudu da kamfani ya sa, ranar da saman taya ya yi daidai da tudun nan to ta kai 1.6 ɗin. Kenan abin da kake saye a sabuwar taya milimita 6.4 ne na aiki. Okaziyon da ta yi kyau a ido, wadda mai shago zai buga da tafin hannu ya ce maka Alhaji wannan ai kamar sabuwa ce, in ka auna sau da yawa milimita 4 zaka samu, cire 1.6 saura 2.4, wato kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya na rayuwar sabuwa. A ce misali sabuwa jikka 40 ce, wato sefa 40,000, okaziyo jikka 20, kai a ranka ka tsira da rabi, amma kowane milimita na sabuwa ya zo maka a sefa 6,250, na okaziyo ya zo maka a sefa 8,300 da wani abu. Kamar ka sayi buhun hatsin da aka riga aka ci kashi biyu cikin uku ne a rabin kuɗin cikakke. Ban sa kuɗin mai faci na cirewa da ɗaurawa da za ka biya sau uku maimakon sau ɗaya ba, ban sa ranar da mota zata kwana ba aiki ba. Okaziyo na zama riba sosai in zanenta ya kai 6 ko sama, shekarunta kaɗan ne, kuma kuɗinta bai wuce rabi ba, irin wannan akwai ta amma sai an tona, kuma masu gareji na kusa da mai shago su ke fara zaɓe.

Shekarun kuwa a rubuce suke a jikin kowace taya, abin takaici mutane ƙalilan ne ke dubawa. A gefenta nemi inda aka rubuta DOT, bi layin har ƙarshe zaka ga lamba huɗu yawanci cikin ɗan zagaye mai tsawo, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2321 na nufin sati na 23 a 2021. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake bugawa, in ba ka gani ba juya ta. In ka ga lamba uku ce kacal to tun kafin 2000 aka yi ta, kar ma ka tsaya ciniki. In ka ga wurin an goge shi ko an kankare ko ya fi sauran jikin sheƙi, ajiye ta. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa ta yi tauri ta fara tsatstsagewa, Michelin da kansa cewa ya yi bayan shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta na nan, kamfanonin mota da dama shekara 6 suke cewa, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ma shekara 4 take faɗa wa direbobinta. Waɗancan lissafin na Turai kuma ba da ranar Afrilu da Mayu ta Damagaram aka yi su ba, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa balle kan kwalta da azahar. Shi ya sa tsohon kayan sito da na ambata ba lallai ya zama araha ba, taya na iya zama sabuwa fil da takardarta a manne ba ta taɓa taka ƙasa ba amma ta shekara biyar a jibge, wani lokaci ma a waje cikin rana. Mutane na cewa araha ba ta ado, haka ne, amma a taya mai tsadar ma tana iya cutar ka in ba ka karanta lamba huɗun nan ba.

Na ga wani dattijon direba na sayen okaziyo a wani shago wajen Kasuwar Dole, yadda ya yi ya burge ni. Bai tambayi kuɗi ba sai da ya sa yaro ya kawo ruwa ya wanke baƙin man da aka shafa mata, ya tsayar da ita ya hau da gwiwa ya danne gefen ya lanƙwasa, nan take wasu ƙananan tsaga da ba a gani suka buɗe baki, ya tura gefe. Ta biyu ya zura hannu ciki ya shafa zagaye gaba ɗaya yana neman faci, ya bi bakin da ke kama ƙarfen ƙafa da yatsa, ya tsaya a wani wuri ya ce wa mai shagon, maigida taɓa nan ka ji, wayar ta karye. Mai shago ya ce Baba ai da iska ta shiga zata miƙe, ya ce a'a ɗana, wannan cusa ta aka yi. Abin da yake nufi shi ne masu shigo da okaziyo, don su rage kuɗin kwantena, suna danna taya cikin taya, biyu ko uku a cikin guda, a nan kuma a zaro su da ƙarfe, wayar bakin ta lanƙwashe ko ta karye, daga baya ka ga taya na sace iska ba huda ko ta yi ƙulu a gefe. Najeriya ta haramta shigo da tsohuwar tayar ƙananan motoci, duk da haka ana samunta a kasuwanninta, mu kuma nan kasuwarta a buɗe take.

Akwai wasu iri biyu da nake roƙon 'yan uwa su guje musu ko da kyauta ne. Ta farko tayar sanyi. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, kuma zanen cike da 'yan ƙananan tsaga masu lanƙwasa, to an yi ta ne ta jure ƙanƙarar Jamus da makamantanta, robarta laushi gare ta don kar ta daskare. Suna da yawa cikin okaziyo don Turawa na cire su tun zanen na da saura, shi ya sa suke ɗaukar ido, zane zuru-zuru ga taushi, amma a kan kwaltarmu mai zafi cinyewa take da sauri kuma birki ba ya kamawa yadda ya kamata. Ta biyu wadda aka sake wa zane. Taya ta suɗe sai a sa wuƙa mai zafi a sake yanka mata rami ta fito kamar mai rai. Wasu tayoyin manyan kamyo an yi su da kaurin da zai ɗauki haka kuma kamfani na rubutawa a jikinsu, amma tayar ƙaramar mota ko Hiyas ba ta da wannan kaurin, mai yankan yana isa dab da waya ne. Gane ta ba wuya, 'yan tudun nan na cikin rami sun ɓace, layin yankan ba ya tafiya daidai, ƙasan ramin kuma sumul yake da sheƙin ƙuna.

To sabuwa fa, wacce? A nan ina da ra'ayin da wasu ba za su so ba, cewa duk 'yar Chana banza ce kuskure ne, kuma yana sa mutane su bar sabuwa mai kyau su sayi tsohuwar Michelin mai shekara tara saboda suna kawai. Chana ce ta fi kowace ƙasa ƙera taya a duniya, a cikinta akwai manyan kamfanoni irin su Triangle, Linglong, Sailun da Westlake da ake sayar da kayansu har Turai, akwai kuma sunayen da ba wanda ya san mai su, yau ka gan su gobe sun ɓace an canza musu suna. A tsakiya ga Maxxis ta Taiwan, Hankook da Kumho na Koriya, GT Radial, ga na Indiya irin MRF da Apollo da CEAT. A sama su Michelin, Bridgestone, Goodyear, Continental, Pirelli, waɗanda in aljihu ya kai kuma ka tabbata na gaske ne sukan biya kuɗinsu da nisan tafiya. Ga mai neman abinci da mota a wannan yanayi ni a ganina sabuwa mai sunan da aka sani daga na tsakiya ko manyan Chana, wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu da ƙerawa ba, ta fi okaziyo mai babban suna nesa ba kusa ba. Kuma kar ka tambayi mai sayarwa wacce ta fi, tambayi direbobin layin da kake bi, na Tanut da Agadas sun san wadda ke jure zafi da ramuka, na Gure da Difa sun san tasu, su suka gwada da kuɗinsu. A wasu tayoyin ma akwai inda aka rubuta matakin jure zafi da harafi A ko B ko C, A ce ta fi, a ƙasarmu wannan harafin ba ƙaramin abu ba ne.

Sai lambar lodi, wadda rashin saninta ke kashe mutane. In ka ga 195/65 R15 91H, 195 faɗi ne a milimita, 15 girman ƙarfen ƙafa, 91 kuma nauyin da taya guda zata ɗauka ne wato kilo 615, H iyakar gudu 210 a awa. Tayar Hiyas ta asali tana da harafin C bayan girmanta, kamar 195 R15C 106/104, ita guda na ɗaukar kilo 950. Dukansu 15 ne, duk zasu shiga ƙarfe ɗaya, ta ƙaramar motar ta fi araha, sai mai mota ya ce a ɗaura, ya rage wa kowace ƙafa ƙarfin kilo 335, sannan a zuba mutum goma sha tara a ɗora buhuna a sama har su kusa tsawon motar a kama hanyar Magarya ranar kasuwa da tsakar rana. In ta fashe a ce ƙaddara, ƙaddara gaskiya ce mun yi imani da ita, amma lambar na rubuce a jikin tayar tun a shago.

Iska kuma ita ce abu mafi araha da ke ƙara wa taya kwana, ita ce kuma aka fi wasa da ita. Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa lokacin zafi a rage iska kar taya ta fashe, wannan juyin gaskiya ne. Tayar da iskarta ta yi ƙasa gefenta na lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsin ke haifar da zafi a cikinta har roba ta rabu da waya, mafi yawan fashewar kan hanya daga nan take, ga cin gefe biyu na zane ga ƙarin shan mai. Adadin da ya dace yana kan 'yar takarda a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, ƙananan motoci yawanci tsakanin 2.2 zuwa 2.4 a ma'aunin iska na bar, kuma akwai adadi daban na lokacin da aka cika lodi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyaka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, in ka auna bayan ka taso daga Takeita zaka ga ta hau, hakan daidai ne kar ka sace mata. Wanda ya rage don ya fita daga rairayi ya mayar da zarar ya hau kwalta. Kuma dukan taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne, da yawa cikin masu faci gejinsu ya gaji ko babu ma, ƙaramin geji naka na kanka kuɗinsa bai kai kwata na taya guda ba.

In ka ga taya na cin gefe ɗaya to ba laifinta ba ne, saitin ƙafa ne ya goce ko wani abu ya saki a ƙasan mota, in ka ɗaura sabuwa ba ka gyara ba ita ma haka zata tafi cikin 'yan watanni. Juya su gaba da baya duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Huda a kan zane ana facinta daga ciki ta ci gaba da aiki lafiya, amma yanka ko ƙulu a gefe ba shi da magani, duk facin da aka yi a wurin jiran rana yake. In biyu kawai zaka iya saye, kamfanonin taya na cewa a sa sababbin a baya ko da motar da gaba take ja, don in baya ya kwace direba ba shi da abin yi, na san direbobinmu sun fi son gaba kuma suna da hujjarsu ta sitiyari, amma a mota mai lodi baya ne ke ɗauke da nauyin.

Na san abin da ɗan taksi zai ce min, malam duk mun ji, amma yau taya ta fashe, jikka 20 ke aljihuna, mai mota na jiran balas da yamma, yara na jiran cefane, ina zan samu 40? Wannan ita ce ainihin matsalar, ba jahilci ba ne, rashin kuɗi a dunƙule ne ke tilasta wa mai ƙaramin ƙarfi sayen abin da ya fi tsada a ƙarshe. Amma taya ba ta mutuwar fuju'a in kana dubawa, tana nuna maka watanni kafin ta gama, saboda haka ana iya shirya mata. Sefa 500 a rana in an ware a wata uku ta kai jikka 45. Direbobin tasha ɗaya da suke adashen biki da suna suna iya yin na taya, duk sati mutum guda ya kwasa ya ɗaura sababbi biyu. Sandikan direbobi kuma, wato ƙungiyarsu da ke karɓar kuɗin lodi kullum, in ya haɗa buƙatar motoci talatin ko arba'in masu girman taya iri ɗaya ya je wurin babban dila a Maraɗi ko Kano ya yi ciniki da sari, da sharaɗin kar tayar ta wuce shekara ɗaya da ƙerawa kuma duk mai C ce, farashin da zai samo ba ɗaya ba ne da wanda direba guda ke samu in ya shigo shago a guje mota na kan jak a bakin hanya.